Nazarin Jiki Baki Ɗaya da Tarihin Yaƙi da Tamowa a Jihar Maraɗi

Nazarin jiki baki ɗaya reshe ne na ilimin halitta da ke kallon ƙwayoyin gado, garkuwar jiki, abinci da ƙananan halittun da ke zaune a hanji a matsayin abubuwa masu cuɗanya da juna, maimakon a bi su ɗai-ɗai. Ya samu gindin zama a shekarar 2000 da Leroy Hood da abokan aikinsa suka kafa masa cibiya a Seattle ta Amurka, kammala karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam a 2003 kuma ya ƙara masa ƙarfi. A ƙasar Hausa, inda ya fi shafar talaka shi ne maganar tamowa.

An daɗe ana ɗaukar tamowa yunwa ce tsagwaronta. A yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, da Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da madara da André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Uwa ta karɓi na mako guda ta koma gida, ba sai an kwantar da yaro ba. Daga nan wuraren awo suka bazu, na ƙungiyar Save the Children a Tasawa, na ƙungiyar ACF a Mayahi. Kowace uwa a yankin ta san madaurin nan mai launi uku da ake zagaya wa dantsen yaro: idan ya tsaya kan ja, ƙasa da santimita 11.5, abin ya yi tsanani. Ta kuma san yadda malamin asibiti ke danna ƙafa da babban yatsa ya ga ko gurbin zai tsaya, alamar kumburi.

Rayuka masu yawa sun tsira. Amma wasu yaran su murmure su sake komawa, wani kuma ya kumbura alhali ɗan'uwansa da suke cin tuwo ɗaya lafiyarsa lau. Tawagar Jeffrey Gordon ta jami'ar Washington da ke St. Louis ta bi wannan tambaya a kan tagwaye a Malawi. A 2013 ta nuna cewa idan aka sa ƙwayoyin hanjin ɗan tagwayen da ya kumbura a cikin ɓeraye, aka ba su irin abincin yankin, su ma sai su rame. Ashe ƙwayoyin hanjin yaron ma ba su girma yadda ya kamata ba.

Maraɗi ta ba da tata shaidar. Gwajin da cibiyar Epicentre ta yi a Madarumfa kan yara fiye da 2,000, wanda aka wallafa a 2016, ya nuna cewa ba da amoksisilin ga duk mai tamowa marar wata cuta bai ƙara yawan masu warkewa ba, alhali a Malawi an ga amfaninsa. Magani ɗaya, jiki da muhalli daban. A jihar Doso kuwa, raba azitiromaisin ga yara ya rage mace-mace da kusan kashi 18 cikin 100, sai dai binciken bayan gidansu ya nuna ƙwayoyin da ba sa jin maganin suna ƙaruwa.

A wani nazari da aka wallafa a 2021, Gordon da Tahmeed Ahmed sun gwada a Dhaka ta Bangaladash wani abinci da aka tsara don gyara ƙwayoyin hanji, mai ɗauke da gyaɗa, waken suya, ayaba da wani irin wake na can. Yaran sun fi saurin ƙara nauyi, duk da bai kai wanda aka saba bayarwa kuzari ba.

A ganina wannan shi ne abin da ya kamata jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da hukumomin lafiya su riƙe da hannu biyu. Gero, wake, gyaɗa da zogale suna nan a gonakin Tasawa da Mayahi. A auna abin da suke yi wa hanjin ƴaƴanmu, a nan gida.