SHEHU AHMAD BABA NA TUMBUTU DA AMSAR DA YA BAI WA MUTANEN TUWAT A KAN LAUNIN FATA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya dubi sahun zikiri a irin wannan taro zai ga Bahaushe kusa da Balarabe, Bafillace kusa da Buzu, Babarbare kusa da Bayarabe, ba mai tambayar wani asalinsa. Sai dai tarihi ya nuna an yi zamanin da launin fatar mutum kaɗai ke isa a kai shi kasuwa a yi cinikinsa, ko da kuwa yana salla yana azumi. Daga cikin malaman da suka ƙi rufe baki a kan wannan lamari akwai Shehu Ahmad Baba na Tumbutu, Allah Ya ji ƙansa.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Shehu Ahmad Baba a shekarar 963 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1556 Miladiyya, a gidan Aƙit, gidan da ya daɗe yana riƙe da alƙalancin Tumbutu a ƙarƙashin daular Songai. Asalin gidan Sanhaja ne, wato Barbar na Sahara, amma an san shi da laƙabin As-Sudani, mutumin ƙasar baƙar fata. Babban malaminsa kuwa shi ne Shehu Muhammadu Bagayogo, Bawangare, wanda ya lazimta shekaru masu yawa, ya kuma yabe shi yabo mai girma a cikin littafinsa na tarihin malaman Malikiyya, Nailul Ibtihaj. Wato tun yana almajiri, gwiwarsa a gaban malami baƙar fata ta durƙusa.

FITINAR SHEKARAR 1591

A shekarar 1591, Sarkin Maroko Ahmad Al-Mansur ya turo runduna mai ɗauke da bindigogi ƙarƙashin Judar Basha, ta ƙetare Sahara, ta karya Askiya Ishaƙa na Biyu a Tondibi, kusa da Gawo. Musulmi ne suka yaƙi Musulmi, kuma kwaɗayin zinariya da gishiri na daga cikin abin da ya kawo su. A shekarar 1593 aka kama malaman Tumbutu, aka wawashe gidajensu, aka kora su cikin sarƙa zuwa Marakish, inda suka isa a 1594. An ruwaito cewa Shehu ya rasa littattafai 1,600, kuma yana cewa shi ne mafi ƙarancin littattafai a cikin danginsa.

Bayan shekara biyu aka sake shi daga kurkuku, amma aka hana shi barin garin. Sai ya zauna karantarwa a Masallacin Sharifai, har alƙalai da manyan malaman Maroko suka riƙa zama a gabansa suna ɗaukar karatu. Masu tarihin Maroko sun kawo labarin shigarsa wajen Al-Mansur, inda ya tarar da Sarkin yana magana da mutane ta bayan labule. Ya ƙi yi masa magana sai da aka yaye labulen, domin a cewarsa Allah ne kaɗai ke magana da bayinSa ta bayan shamaki. Daga nan ya tambaye shi dalilin da ya sa aka washe dukiyarsa aka ɗauro shi daga Tumbutu. Al-Mansur ya rasu a 1603, ɗansa Zaidan ya yi wa Shehu izini, ya koma gida a 1608.

TAMBAYAR TUWAT

Tuwat yanki ne na dausayi a cikin Sahara, a ƙasar Aljeriya ta yau, kuma zango ne na ayarin da ke fitowa daga Tumbutu da ƙasar Hausa. Daga can ne wani mai suna Sa'idu ɗan Ibrahim Al-Jirari ya aiko wa Shehu da tambayoyi game da bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata. Shin mutanen Barno da Kano da Gawo da yaƙi aka ci su, har ya halatta a mallake su? Yaya za a yi da bawan da ba a san ƙasarsa ba? Shin gaskiya ne baƙaƙe zuriyar Hamu ne ɗan Annabi Nuhu, Alaihis Salam, waɗanda aka yi wa addu'ar su zama bayin 'yan'uwansu?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce zuciyar al'amarin, domin ta bayyana abin da mutane da yawa ke riƙe da shi a zuci ba su furtawa. Mai tambaya ya fito da ita fili, malamin kuma bai yi fushi ya ƙi amsawa ba, bai kuma lulluɓe ta da kyakkyawar magana ba. A shekarar 1024 Hijira, wato 1615, ya rubuta amsa mai suna Mi'irajus Su'ud, wadda kuma ake kira Al-Kashfu wal Bayan.

ABIN DA YA AMSA

Da farko ya kafa ƙa'ida cewa a fiƙihun da ya gada, launin fata ba ya daga cikin dalilan bauta ko kaɗan, kuma hukunci ɗaya ne a kan fari da baƙi, Balarabe da wanda ba Balarabe ba. Sannan ya lissafa ƙasashen da Musulunci ya kafu a cikinsu tun da daɗewa ba da takobin kowa ba, ya ambaci Barno da Kano da Katsina da Songai da Mali da mafi yawan Fulani, ya ce mutanensu 'ya'ya ne, haramun ne a mallake su ta kowace fuska. Ya kuma tona wani aibi na gida: sarakunan waɗannan ƙasashe kan yaƙi juna, su kama talakawan juna Musulmi su sayar, ya misalta da abin da ke faruwa tsakanin Kano da Katsina, alhali harshensu ɗaya ne, addininsu ɗaya.

Game da wanda ya ce shi ɗa ne aka zalunce shi, Shehu ya bi fatawar Malam Makhluf Al-Balbali, wanda ya taɓa zama a Kano da Katsina, da kuma aikin alƙalan Tumbutu, cewa a karɓi maganarsa, nauyin kawo hujja yana kan wanda ke da'awar mallaka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin mutumin da aka ƙetarar da shi Sahara, ba shi da dangi ba shi da shaida.

Labarin Hamu kuwa, ya raunana shi, ya jingina ga bayanin Ibn Khaldun cewa bambancin launi yana da nasaba da yanayin ƙasa da zafin rana, ba shi da alaƙa da la'ana. Kafinsa, Ibnul Jauzi da Imam Suyuɗi sun yi rubutu a kan falalar Habashawa da baƙaƙe, amma shi Ahmad Baba a kan mutanen da ake tsaye da su a kasuwa ake jiran hukuncinsu ya yi magana.

Adalci ga tarihi ya wajabta a faɗi cewa Shehu bai haramta bauta ɗungurungum ba. Ya yi magana ne cikin fiƙihun zamaninsa, har ya ambaci wasu al'ummu da ba su musulunta ba, irin su Mosi da Gurma, a matsayin waɗanda hukuncin bai kare ba. Abin da ya rusa shi ne zaton cewa baƙi da bawa abu ɗaya ne.

BAYAN RASUWARSA

Shehu ya rasu a Tumbutu a 1036 Hijira, 1627 Miladiyya, amma muhawarar ba ta mutu ba. Lokacin da Sarki Maulaya Isma'ila, wanda ya yi mulkin Maroko daga 1672 zuwa 1727, ya shiga tattara baƙaƙen ƙasarsa, har da 'ya'ya Musulmi, yana sa su aikin soja a matsayin bayi, wani malamin Fas, Abdussalam Jasus, ya ƙi sa hannu a kan halaccin haka, aka ɗaure shi, daga ƙarshe aka kashe shi. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da rubutun Ahmad Baba a cikin Bayanu Wujubil Hijra. A ƙarni na 19, Bey Ahmad na Tunis ya soke bauta a 1846, masanin tarihin Maroko Ahmad An-Nasiri, wanda ya rasu a 1897, ya yi kakkausan suka ga sayar da baƙaƙe Musulmi kamar dabbobi a cikin littafinsa Al-Istiƙsa. A 1973 aka buɗe cibiyar adana rubuce-rubucen hannu a Tumbutu da sunan Ahmad Baba.

DARASI GA 'YAN'UWA

Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta bayyana cewa an sanya mutane dangogi da ƙabilu ne domin su san juna, fifiko kuma da taƙawa yake. A cikin Sahihul Bukhari, lokacin da Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, ya gori wani mutum da mahaifiyarsa, Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, bai kau da kai ba, ya gaya masa a fili cewa akwai sauran jahiliyya tare da shi. Malaman tarbiyya suna lissafa girman kai da asali cikin cututtukan zuciya, kuma ciwon da aka ɓoye wa mai magani ba ya warkewa. Wanda ke hana 'yarsa ga mutumin kirki don kakansa bawa ne, da wanda ke jin kunyar launinsa idan ya je wata ƙasa, da wanda ke kiran ɗan'uwansa da sunan ƙasƙanci, duk tambayar Tuwat ta shafe su, kuma amsar Shehu tana nan tun shekarar 1615.

Allah Ya ji ƙan Shehu Ahmad Baba da malamansa, Ya tsarkake zukata daga girman kai, Ya maimaita mana wannan taro cikin aminci. Amin.