Lissafin Ricardo da abin da ya sami Fotugal

A shekarar 1817 wani dillalin hannun jari a birnin Landan, David Ricardo, ya fitar da littafi a kan tattalin arziki da haraji. A babi na bakwai ya kawo misalin da har yau malamai ke rubutawa a allo idan an zo darasin ciniki tsakanin ƙasashe.

Ya ɗauki Ingila da Fotugal, da haja biyu, yadi da giyar inabi. A Ingila sai mutum 100 sun yi aikin shekara kafin a samu wani kaso na yadi, giya kuwa mutum 120. A Fotugal mutum 90 sun isa yadin, 80 sun isa giyar. Ke nan Fotugal ta fi ƙwarewa a duka biyun. To, me za ta nema wurin Ingila?

Amsar tana cikin lissafin. Idan Fotugal ta bar saƙa ta yi kaso biyu na giya, mutum 160 za ta sa aiki maimakon 170. Idan Ingila ta bar giya ta yi kaso biyu na yadi, mutum 200 sun isa maimakon 220. Su yi musaya, kowace ta samu abin da take samu a da, ga kuma hannaye talatin da suka rage don wani aikin. Ko gwani ba ya rasa riba idan ya riƙe inda ratarsa ta fi yawa, ya bar wa wani sauran.

Ricardo bai zaɓi ƙasashen nan haka kawai ba. Tun 1703 suka ƙulla yarjejeniyar Methuen: Fotugal ta buɗe ƙofa ga yadin ulu na Ingila, Ingila kuma ta rage wa giyar Fotugal kashi ɗaya cikin uku na kuɗin fiton da giyar Faransa ke biya. Manoman inabi na kwarin Douro sun samu kasuwa tabbatacciya. Amma yadin da ke shigowa ya fi giyar da ke fita daraja, aka riƙa cike giɓin da zinariyar Barazil. Masana tarihi suna saɓani a kan ko yarjejeniyar ce ta hana masaƙun Fotugal girma. Abin da kowa ya gani shi ne Ingila ta shiga zamanin injuna ta hanyar saƙa, Fotugal kuwa ta daɗe a baya.

Shi Ricardo da manufarsa ta cikin gida. Dokar hatsi ta 1815 ta hana shigo da alkama mai araha, masu manyan gonaki suna cin riba, ma'aikata suna sayen burodi da tsada. Ya yaƙi dokar har cikin majalisa, ya rasu a 1823, ba a soke ta ba sai 1846.

Mu ma mun ɗanɗani irin wannan. A shekarun 1960 gyaɗar Maraɗi da Damagaram ce kan gaba a kayan da Nijar ke fitarwa, har aka kafa SONARA a 1962 don cinikinta. Kuɗi sun shigo, ƴan kasuwa sun tashi. Sai farin farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, manomin da ya rage gero don gyaɗa ya tarar da rumbu ba kowa.

Lissafin Ricardo daidai yake, ya kamata yaro ya iya shi da alli a hannu. Sai dai lissafin ya tsaya ne a nuna cewa akwai riba. Bai faɗi aljihun da za ta shiga ba, bai faɗi abin da zai sami masaƙin da aka rufe wa masaƙa ba. Malamin da ya gama rubuta 100 da 120 da 90 da 80, ya tambayi ajin ina mutum talatin ɗin nan suka tafi. Uba kuma ya tura ɗansa wurin kakansa, ya ji yadda shekarun gyaɗa suka ƙare.