Busasshiyar fasaha: darasin Game Boy

Masu ƙera wasannin bidiyo, inji suke yi wa hidima ko mai wasa? Ni dai a ganina an amsa wannan tambaya tun 1989, kuma batir ne ya amsa ta.

A wannan shekara kamfanin Nintendo na Japon ya fito da Game Boy. Allonsa ba launi, ba fitila, in dare ya yi sai ka nemi haske. A shekarar dai Atari na Amurka ya fito da Lynx mai launi da fitila, a 1990 kuma Sega ya biyo baya da Game Gear. In ƙarfin inji ne ma'auni, Game Boy bai ko kama ƙafarsu ba.

To amma fa Game Gear batir shida yake ci, cikin awa uku zuwa biyar sun mutu. Game Boy huɗu yake ɗauka, ya kai awa 15 ko fiye. A kasuwar Amurka kuɗinsa wajen dala 90 ne, Game Gear 150, Lynx 180. Ga kuma Tetris, wasan Alexey Pajitnov, wanda yaro da tsoho kowa ke ganewa cikin minti ɗaya. Daga ƙarshe Game Boy, haɗe da ƙanensa Game Boy Color, ya haura miliyon 118. Game Gear bai kai miliyon 11 ba.

Ba sa'a ba ce. Gunpei Yokoi, injiniyan da ya jagoranci aikin, yana da aƙida: a ɗauki fasahar da ta tsufa ta yi araha, a nemo mata sabon amfani. Kalmar Japananci da ya sifanta ta da ita, “kareta”, ta ja hankalina a matsayina na ɗalibin ilimin harshe. Ma'anarta abin da ya bushe, kamar itace. Mu ma mun san busasshen ice ke kama wuta, ɗanye sai hayaƙi.

Kada dai mu mai da shi waliyyi. A 1995 sashen Yokoi ya fito da Virtual Boy, na'urar da ake leƙawa a ga hoto mai zurfi, ja da baƙi. Mutane suka yi ta kukan ciwon kai, ba a sayar da ko miliyon ɗaya ba. Da sabon abu ya sha gaban jin daɗin mai wasa, shi ma ya faɗi.

Ban ce tura inji gaba banza ba ne. Fasahar da ta bushe yau, jiya ɗanya ce, wani ya kashe kuɗi a kanta. Sai dai ƴan'uwa, wanda ke cikinmu yake mafarkin ƙera wasa, ya fara da tambayoyin Yokoi: wace waya ke aljihun mutane, nawa suke iya biya, kuma awa nawa cajinsu zai kai in an ɗauke wuta?