Kurman Gidanmu da Tarihin Taimako a Sabon Ibadan



A Sabon Ibadan aka haife ni, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916. Ƙanena ya kurmance yana ɗan shekara biyu bayan ciwon sanƙarau, shi ya sa nake bin diddigin wannan batu.

Tun asali Sabo tana da nata tsarin. Akwai Sarkin Makafi, Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, har wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya yi bayaninsu a littafinsa na 1969. Su ke saukar da baƙo, su sama masa makwanci da wurin zaman bara. Amma fa tsari ne na manya. Yaron da ke goye ba ya ciki, sai dai uwarsa ta ji da shi.

Hanya ta biyu ita ce makaranta. A 1960 Andrew Foster, wani baƙar fatan Amurka wanda shi ma kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan. A Legas an buɗe ta makafi ta Pacelli a 1962. To a nan ne iyayenmu suka rabu biyu. Baba ya ce ba zai miƙa ɗansa ga 'yan mishan ba, yaron da ko Fatiha bai ji ba. Inna kuwa addini bai ɗaga mata hankali ba, ta ce tarbiyya a gida take. Damuwarta ita ce ba a ɗaukar yaro sai ya tasa, to kafin nan wa zai koya mata yadda za ta yi magana da shi? Da ina yaro Baba nake bai wa gaskiya, yanzu kam na koma bayan Inna.

An samu ci gaba a takarda. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, a 2020 aka kafa hukumarsu ta ƙasa. Sai dai iyayen da nake hira da su a Sabo ba su cika ambaton doka ba. Abin da suke lissafawa shi ne kuɗin mota zuwa asibiti, ma'aikacin da ke jin Hausa, da wanda zai riƙe yaro in uwa ta fita neman na abinci.

Inna da ƙanena su suka ƙirƙiro nasu bebancin a tsakar gida. Har ta rasu, in ya shafa kunne sau biyu, ita yake nufi.