Yadda Iskar Ozon Ta Rage wa Kulorin Kaya a Wuraren Ninkaya

Warin nan mai hawa kai da ke tarbar mutum tun daga ƙofar wurin ninkaya, wanda ake cewa warin kulorin ne, yawancinsa na kuloramin ne, wato abin da kulorin ke zama idan ya gamu da gumi da fitsarin masu iyo. Shi ke sa ido ja, shi ke sa maƙogwaro ƙaiƙayi. Neman sauƙinsa na cikin abin da ya shigo da iskar ozon wuraren ninkaya, kuma tarihinta ya nuna taimako ta zo yi wa kulorin, duk da masu sayar da injinta sun fi son a ce ta gaje shi.

A ruwan sha ma ita ta riga shi. Christian Schönbein, malamin kimiyya a birnin Basel, shi ya raɗa mata suna a 1840 daga kalmar Girkanci mai nufin wari. Werner von Siemens ya ƙera bututun samar da ita da lantarki a 1857, a 1906 kuma birnin Nis na Faransa ya fara tsarkake ruwansa da ita. Sai kulorin ya ƙwace fagen. Jersey City ta Amurka ta soma zuba shi a ruwan famfo a 1908, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya yi araha. Amma ba araha kaɗai ta ba shi nasara ba. Kulorin yakan zauna cikin ruwa yana jiran ƙwayar cuta, ozon kuwa cikin mintuna take rushewa ta koma iskar oksijin.

A 1974 Johannes Rook ya gano a Rotterdam cewa kulorin na haifar da kulorofom idan ya haɗu da dattin ruwa. Jamusawa suka fi kowa ɗaukar lamarin da zafi. A ɗaya daga cikin hanyoyin da ƙa'idarsu ta wuraren ninkaya, DIN 19643, ta tanada, ana janye ruwan zuwa ɗakin injina, a tace shi, a busa masa ozon ta ƙone dattin, ya ratsa gawayin tacewa, sannan a ɗiga masa kulorin ya koma kwami. Miligiram 0.3 zuwa 0.6 na kulorin a kowace lita suke bari, alhali hukumar CDC ta Amurka na neman aƙalla miligiram 1.

Mai ja zai ce ai ozon da kanta tana cin kulorin, gawayin ma yana shanye shi, to ina ragin? Gaskiya ne, shi ya sa ake zuba kulorin a ƙarshe. Ribar tana wajen cewa ya tarar da ruwan da aka riga aka ƙone dattinsa, ba zai ƙare wajen faɗa da gumi ba. Sai dai a yi adalci, ƙarancin kulorin na Jamus ba aikin ozon ba ne ita kaɗai, domin ƙa'idar ta kuma wajabta ƙara sabon ruwa lita 30 kan kowane mai iyo. Wanda ya ce a daina kulorin ɗungurungum kuwa ya manta ozon guba ce ga huhu, ta fi iska nauyi, tana kwanciya daidai saman ruwa inda hancin mai iyo yake. Dole a cire ta kafin ruwan ya dawo, don haka yaron da ya yi kashi a tsakiyar kwami ba ita zai tarar ba.

Inda ta yi wa kulorin fintinkau shi ne kan ƙwayar kiriftosforidiyom mai sa gudawa, wadda ke rayuwa fiye da mako guda cikin ruwa mai kulorin. Saboda ita kundin da CDC ta fitar a 2014 ya nemi wuraren wasan ruwa na ƙananan yara su ƙara ozon ko fitilar UV a kan kulorinsu.