Gannibal: Tarihin Wani Sunan Zuriya a Ƙasar Rasha

Duk Barashen da ya cika takarda a ofishin gwamnati sai ya ba da sunaye uku: sunan yanka, da sunan uba, da sunan zuriya. Na tsakiyan, watau sunan uba, shi ne suke kira otchestvo, kuma ana ƙera shi ne ta hanyar liƙa wa sunan mahaifi ɗafa-ƙeya. In namiji ne sai a ƙara -ovich ko -evich, in kuwa mace ce sai -ovna ko -evna. Saboda haka Ivan ɗan Pyotr ya zama Ivan Petrovich, ƙanwarsa Anna kuma Anna Petrovna. Da waɗannan sunaye biyu ake kiran babba don girmamawa. Ɗalibi ba ya kiran malaminsa da sunan yanka kaɗai, sai ya haɗa da na uba.

Sunan zuriya kuwa, mafi yawansa daga wannan tushe ya tsiro. A da, in an tambayi mutum ɗan wane ne shi, sai ya amsa da Petrov syn, watau ɗan Pyotr. Yau da gobe kalmar syn ta faɗi, Petrov ya tsaya shi kaɗai, daga nan kuma ya daskare ya zama sunan gida wanda jika da tattaɓa-kunne ke gāda. Ta haka aka sami Ivanov, ɗan Ivan, da Kuznetsov, ɗan maƙeri, da Popov, ɗan limamin coci. Wannan na ƙarshe ba zai ba Bahaushe mamaki ba, don kuwa Fodiyo da ke cikin sunan Shehu Usmanu laƙabin malanta ne na mahaifinsa Muhammadu. Gidan sarautar Romanov kansa daga wani Roman Yuryevich ya samo suna, gidan Pushkin kuma daga wani Grigory mai laƙabi Pushka, watau igwa.

Amma fa waɗannan ɗafe-ɗafen ba kowa ne ke da ikon amfani da su ba. Ɗafa-ƙeyar -vich a zamanin da ta sarakuna ce da manyan fadawa, kamar yadda alkyabba take a fadar ƙasar Hausa. A shekarar 1610 Sarki Vasily Shuisky ya yi wa attajiran gidan Stroganov kyautar a riƙa rubuta sunansu da -vich, sakayyar kuɗin da suka taimaki gwamnati da shi, kuma an ɗauki wannan babbar karramawa ce. Sarki Bitrus Babba, wanda Rashawa ke kira Pyotr, ya kasa ma'aikatan gwamnati da hafsoshi zuwa matakai 14 a shekarar 1722. A zamanin Sarauniya Katarina ta Biyu sai aka ƙayyade cewa masu matakai biyar na sama su ne za a rubuta da -vich, na shida zuwa na takwas da rabin sunan uba, irin su Petrov, sauran kuwa sunan yanka ya ishe su. Talakawan karkara, waɗanda yawancinsu bayin gandu ne a gonakin masu ƙasa, ba su da sunan zuriya a hukumance sai bayan da Sarki Alekzanda na Biyu ya 'yanta su a 1861, wasu ma sai da gwamnatin Sobiyet ta ƙaddamar da fasfo na cikin gida a 1932. Ke nan tsawon sunan mutum a Rasha ma'auni ne na matsayinsa.

Sai an riƙe wannan a zuciya sa'an nan za a gane labarin sunan Gannibal, wanda yana cikin sunayen da suka fi ƙaranci a ƙasar, kuma a gidajen sarautar Rasha ba a san shi da kowa ba sai zuriyar mutum guda.

Mutumin nan an haife shi a Afirka wajen shekarar 1696, sunansa Ibrahim. Yana yaro aka kama shi aka kai shi Santambul, fadar daular Usmaniyya. A 1704 wani ɗan kasuwa mai suna Savva Raguzinsky, wanda ke yi wa jakadan Rasha Pyotr Tolstoy hidima, ya sa aka ɗauke shi zuwa Mosko, aka miƙa wa Sarki Bitrus. An yi masa baftisma a wani coci da ke birnin Vilnius na Lituwaniya, kuma allon da ke jikin cocin ya ba da shekarar 1705. Sarki da kansa ya tsaya masa a matsayin uban baftisma. Labarin da zuriyarsa ta riƙe shi ne cewa an raɗa masa sunan Pyotr, yaro ya ƙi amsawa, har aka bar shi da Abram, wanda shi ne Ibrahim a bakin Rashawa.

To, a nan ne tsarin sunaye ya yi aikinsa. Yaron da aka raba da mahaifinsa ba shi da sunan da zai sa a gurbin uba, don haka aka ɗauki na uban baftisma. A takardun shekarunsa na farko Abram Petrov ake rubuta shi, watau Abram na Bitrus, da rabin sunan uba irin na bara. Wani lokaci kuma a ce masa Abram Arap, kalmar da Rashawan wancan zamani ke kiran baƙar fata da ita. Sai da ya hau matakan soja sa'an nan Petrov ya miƙe ya zama Petrovich. Haruffa uku ne kacal suka ƙaru, amma tsakanin sunayen biyu akwai tafiyar shekaru masu yawa.

Ga yadda tafiyar ta kasance a taƙaice. A 1717 ya raka Sarki zuwa Faransa, aka bar shi can ya koyi aikin injiniyan soja. Ya shiga rundunar Faransa a yaƙinta da Sifen, aka yi masa rauni a ka, sa'an nan ya yi karatu a makarantar harbin igwa ta garin La Fère. Ya komo gida a 1723. Bitrus ya mutu a 1725, bayan shekara biyu kuma Menshikov, wanda ya ƙwace ragamar mulki, ya tura shi Saibiriya da sunan aikin gina ganuwa a kan iyakar Sin. Bai ga haske sosai ba sai da Elizabet 'yar Bitrus ta hau gado a 1741. A 1742 aka naɗa shi manjo-janar da kwamandan birnin Reval, wanda yanzu shi ne Tallinn, aka kuma ba shi gandun Mikhailovskoye a lardin Pskov. A 1759 ya kai muƙamin cikakken janar, mataki na biyu cikin 14 ɗin nan. Ya yi ritaya a 1762, ya mutu a 1781.

Sunan uba dai ya samu, ko da na aro ne. Abin da ya rage shi ne sunan zuriya. Da ya bi al'ada, da 'ya'yansa sun tashi a matsayin Petrov ko Abramov, sun nutse cikin dubban masu wannan suna. Sai ya zaɓi sunan Hannibal, jarumin birnin Kartaj da ke kusa da Tunis ta yau, wanda ya haye duwatsun Alps da giwaye a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa, ya karya rundunar Rum a Cannae bayan shekara biyu. A harshen mutanen Kartaj ma'anar sunan ita ce rahamar Ba'al, gunkin da suke bauta wa. Sashen farko na sunan tushensa ɗaya da kalmar Larabci hanān, watau tausayi. Dalilin da ya sa Hannibal ya koma Gannibal kuwa na lafazi ne. Rashanci ba shi da sautin h irin na Hausa, sai ya mayar da shi g a tsofaffin kalmomin aro: Hamburg ta zama Gamburg, Hamlet ya zama Gamlet. Wannan ƙa'ida ce ta mayar da Ibrahim Ibragim, har aka sami sunan Ibragimov a tsakanin Musulmin Rasha. Ashe sunan da ya zo da shi da wanda ya zaɓa duk sauyi ɗaya suka sha.

A lura cewa sunan nan ba shi da -ov, ba shi da -in. Ba ya cewa ɗan wane. A ƙasar da kusan kowane suna yake nuni ga uba, wannan ya tsaya ne yana nuni ga nahiya da kuma sana'a: ɗan Afirka, janar. Hannibal na Kartaj jinin Finikiyawa ne, ba shi da wata dangantaka ta jini da Abram, ko da yake tarihin da surukinsa Rotkirch ya rubuta da Jamusanci ya yi ƙoƙarin ƙulla ta. Wannan ƙari ne irin na maroƙa, kuma ba a Rasha kaɗai ake yin sa ba.

A shekarar 1742 ɗin nan ya rubuta wa Sarauniya takardar neman a tabbatar masa da matsayin ɗan babban gida da tambarin zuriya. A ciki ya bayyana cewa shi mutumin Afirka ne, ɗan masu sarauta, an haife shi a garin Lagone, kuma mahaifinsa na da wasu garuruwa biyu a ƙarƙashinsa. Tambarin da ya zana yana ɗauke da giwa, da wata kalma, FVMMO. Wannan takarda ita ce shaida guda da ta fito daga bakin mai sunan game da asalinsa, kuma a kanta aka yi ta gardama. Rotkirch ya ce Bahabashe ne. A 1899, shekarar cikar Pushkin ɗari da haihuwa, masanin Rasha Dmitry Anuchin ya nemo Lagone a yankin da ke tsakanin Habasha da Iritiriya, kuma ba a ɓoye yake ba cewa masanan wancan zamani sun fi son kakan babban mawaƙinsu ya zama Bahabashe, wanda suke lissafawa kusa da farar fata, bisa ga ya zama baƙin mutum daga tsakiyar Afirka. Vladimir Nabokov, a sharhin da ya buga a 1964, ya nuna raunin hujjar Habasha, har ya ambaci yankin kudancin Tafkin Cadi. Wanda ya bi wannan sawu har ƙarshe shi ne Dieudonné Gnammankou, masanin tarihi ɗan Jamhuriyar Benin, a littafinsa na 1996. Ya nuna cewa Lagone ita ce Logone-Birni, birnin Kotoko da ke bakin kogin Logone a arewacin Kamaru, dab da iyakar Cadi.

Hujjar Gnammankou ta fi nauyi. Sunan garin ya dace ba tare da an murɗa shi ba. Logone birni ne mai sarki da ganuwa, wanda Heinrich Barth ya ziyarta a 1852, yana tsakanin Barno da Bagirmi, inda hare-haren kamun bayi ba su yankewa. Hanyar kuma sananniya ce: daga Barno a ratsa Sahara zuwa Fazzan, daga nan Tarabulus, wadda ke hannun Turkawa, sai jirgin ruwa zuwa Santambul. Hulɗar Barno da fadar Usmaniyya ta daɗe tun zamanin Mai Idris Alooma a ƙarni na 16. Game da FVMMO, wasu sun ce kalmar Kotoko ce mai nufin ƙasar haihuwa, wasu kuma sun ce haruffan farko ne na wata jimlar Latin da ke cewa sa'a ta sauya rayuwar mai maganar. A 2010 aka buɗe allon tunawa da shi a La Fère, kuma Sarkin Logone-Birni yana cikin mahalarta.

Saura batun yaɗuwar sunan. Abram ya haifi 'ya'ya da dama da matarsa ta biyu, Christina Sjöberg, 'yar wani hafsa mai asalin Suwidin. Babban ɗansa Ivan ya ci tashar Navarino daga hannun Turkawa a 1770, shi ne kuma ya jagoranci ginin birnin Kherson daga 1778, amma ya mutu a 1801 bai yi aure ba. Osip kuwa 'ya mace ya bari, Nadezhda Osipovna, wadda ta auri Sergei Pushkin, suka haifi Alekzanda Pushkin a 1799. Tun da mace sunan mijinta take ɗauka, sai ya zama reshen da ya fi kowane shahara shi ne wanda sunan Gannibal ya yanke a kansa. Ta wajen Pyotr da Isaak ne kawai sunan ya ci gaba, a tsakanin ƙananan masu gandu na lardin Pskov. Shekara ɗari uku ba ta isa ta mayar da zuriyar mutum ɗaya taro irin na Ivanov ba, wanda dubban gidaje marasa dangantaka suka ɗauka kowa daga nasa Ivan ɗin.

Pushkin bai ɗauki sunan ba, amma ya ɗauki nauyinsa. A 1827 ya fara rubuta ƙagaggen labari a kan kakan nasa, ya mayar masa da sunansa na asali, Ibragim, bai kuwa gama shi ba. A 1830 ɗan jarida Faddei Bulgarin ya yi masa habaici a jarida cewa kakansa da kwalbar giya aka saye shi, Pushkin ya mayar da martani da waƙa a kan asalinsa, inda ya tunatar da shi hannun wanda yaron ya girma da kuma wanda ya ci Navarino. 'Yar autar Pushkin, Natalya, ta auri Yarima Nikolaus na Nassau a Jamus. 'Yarta Sofiya ta auri wani jikan Sarki Nikolas na Ɗaya, suka zauna a Ingila. A 1916 'yarsu Nadezhda ta auri George na Battenberg, wanda gidansu ya koma Mountbatten a shekarar da ta biyo, kuma ta wajen 'yar'uwarta Anastasiya jinin Abram ya shiga gidan Duke na Westminster.