Kakin sanyi

Kakin sanyi wani haɗi ne mai laushi kamar man shanu, wanda masu zane ke cakuɗawa da fentin mai. Ana yin sa da kakin zuma da ɗan danko da sinadarin tsinka fenti, wato tina. An kira shi na sanyi ne domin ba a ɗora shi a wuta kafin a shafa, saɓanin zanen kaki mai zafi irin na hotunan mamata da aka tono a yankin Fayum na Masar, waɗanda aka yi a zamanin mulkin Rumawa.

Dalilin komawa gare shi

A tsohuwar hanyar zanen fentin mai, da tarfentin ake tsinka fenti, da shi kuma ake wanke burushi. Daga ƙaron itacen fayin ake tace tarfentin. Idan ya daɗe yana shan iska, wasu sinadaransa kan sauya su riƙa jawo ƙaiƙayi da ƙuraje da tsagewar fata a hannu, warinsa kuma na sa ciwon kai. Wanda jikinsa ya fara ƙin sa ba kasafai yake daina ƙi ba, ko da kaɗan ya taɓa. Hakan ya sa wasu masu zane sauya salo maimakon barin sana'ar.

Yadda ake aiki da shi

Ana kwaɓa kakin da fenti a kan faranti, sannan a shimfiɗa da wuƙar fenti ko abin murzawa na roba, don haka burushi ba ya yawan shiga aikin, balle wankinsa. Fentin kan yi kauri, ya fi saurin kamewa, kuma ba ya sheƙi idan ya bushe. Mai zane na iya ɗora launi a kan launi, ya kankare na sama don na ƙasa ya fito. Idan kakin ya wuce kashi ɗaya cikin uku na haɗin, allon katako ya fi yadi dacewa, saboda yadi na lanƙwasa ya tsaga fentin. Littafin da Rebecca Crowell da Jerry McLaughlin suka fitar a 2017 ya taimaka wajen yaɗa salon a Amurka.

Hattara

A nan ne mutane da dama ke yin kuskure: yawancin kakin sanyi na kasuwa yana ɗauke da tina. Na kamfanin Gamblin, misali, da tinar man fetur marar wari ake haɗa shi. Wannan ta fi tarfentin sauƙi, amma rashin wari ba ya nufin ba ta tashi cikin iska, shi ya sa ba a dumama haɗin, kuma ana buɗe tagogi. Wanda ba ya jure kowace irin tina kan narka kakin zuma cikin man linsid ya yi nasa, sai dai yana jinkirin bushewa. Burushi kuma a goge shi da man gyaɗar Turawa ko man girki, a wanke da sabulu. Shi kansa kakin zuma, idan ba a tace shi sosai ba, yana iya ɗauke da dankon da ƙudan zuma ke liƙe amya da shi, wanda ke tayar wa wasu borin jini.